Tare Ruwa: Daga Tsaunin Longji Zuwa Kwarin Challawa

A yankin Guangxi da ke kudancin ƙasar Sin akwai tsaunin da ake kira Longji. Tun zamanin daular Yuan, wadda ta yi mulki daga 1271 zuwa 1368, 'yan ƙabilar Zhuang suka fara sassaƙe jikinsa fangali-fangali, hawa bisa hawa. Kaka ya fara, jika ya ɗora, har aikin ya kai farkon daular Qing a ƙarni na 17. Wani fangalin don ƙanƙanta 'yan taku kaɗan ne faɗinsa, sai tsawo kamar ɗamara a ƙugun dutse. Kurmin da ke kan tsaunin kuwa suka bar shi, domin shi ke riƙe ruwan sama. Daga nan ake janyo ruwa ta ƙananan magudanai da tsagin gora, ya cika fangalin sama, ya malalo na ƙasa, har ya sauka kwari.

Mu a Karaye da Rogo ba mu da irin wannan tsauni, fadama muka gada. Da damina a shuka shinkafa inda ruwa ke kwanciya, da rani a kafa jigo a bakin rafi, ana ɗebowa guga-guga ana zuba wa komin albasa.

Farin farkon shekarun 1970 ya zo daidai lokacin da gwamnatin Audu Baƙo ta duƙufa gina madatsai, aka kammala ta Tiga a 1974. Tamu ta jima kafin ta zo. Sai a 1992 aka gama madatsar Challawa a ƙasar Karaye, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Abin da Zhuang suka yi da dubban kunyoyi cikin ɗaruruwan shekaru, mu bango guda ya yi mana shi cikin 'yan shekaru.

Sai dai bango guda ba ya raba ruwa daidai. Gonaki sun nutse, wasu ƙauyuka sun tashi. Ruwan da ake saki ya gangara ya shayar da birnin Kano, ya haɗu da kogin Kano ya nufi Haɗeja, inda manoman fadama suka daɗe suna kukan raguwar ambaliyar da suka saba noma da ita, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A nan gida kuma injin ban ruwa ya kori jigo, manomin bakin madatsa ya koma lissafin kuɗin fetur kafin ya yi dashe.