Daga Arrazi zuwa jakin Charles Bell: tarihin karkacewar baki

Mutum ya kwanta lafiya lau, ya wayi gari baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, in ya kurɓi koko ya zubo ta gefe. Har gobe a ƙasar Hausa akwai masu cewa aljani ne ya mare shi. Likitoci kuwa sun fi shekara dubu suna bin sawun larurar a cikin jiki.

Abubakar Arrazi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen 925, ya yi bayaninta a littafinsa Alhawi. Ibn Sina ya ƙara a Alƙanun, inda ya raba karkacewar da sakin naman fuska ke jawowa da wadda ɗaurewarsa ke jawowa. Ba ƙaramin hange ba ne ga wanda ido da hannu kaɗai ne kayan aikinsa.

A 1821 Charles Bell, likitan fiɗa ɗan Sikotilan wanda ya yi jinyar sojojin da aka raunata a yaƙin Waterloo, ya kai sakamakon gwajinsa gaban masana a Landan. Jijiyar fuskar jaki ya yanke a gefe ɗaya, nan take hancin wannan ɓangaren ya daina motsi da numfashi. Jijiyar nan tana bi ne ta wani matsattsen rami cikin ƙashin kunne. Da ta kumbura sai ƙashi ya matse ta, fuska ta saki. Sunan Bell cutar take ɗauke da shi har yau.

Me ke kumbura ta? A 1907 Ramsay Hunt na Amurka ya gano wani nau'i mai zuwa da ƙuraje a kunne, wanda daga baya aka tabbatar ƙwayar ƙarambau ce ke farfaɗowa. Kuturta ma kan ci jijiyar, haka kunne mai zubar da mugunya da aka yi wa sakaci. Masu ciwon suga da masu juna biyu sun fi kamuwa.

Binciken da aka wallafa a 2007 daga Sikotilan ya nuna maganin kumburi firednisolon yana ƙara yiwuwar warkewa sarai in an fara shi cikin awa 72. Abin takaici, kwana ukun nan su ake ɓatawa wajen turare da shafe-shafe, idon da ba ya rufuwa yana ta bushewa. A asibiti likita kan ce wa mai larurar ya ɗaga gira: in goshin ma ya mutu, galibi jijiyar fuska ce, in yana motsi baki kaɗai ya karkace, ana zargin shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan ba ta jira.