Kayan da Ba a Mayarwa Sito

Jarfar da hukumar sojan Birtaniya ta taɓa yi wa sojanta da hannunta ta wulaƙanci ce. A ƙarni na 19, idan soja ya tsere daga aiki aka kamo shi, kotun soja kan sa a tuɓe masa riga a buga masa harafin D a haƙarƙarin hagu, ƙasa kaɗan da hammata. Har wani ɗan ƙarfe aka ƙera domin haka, mai allurai jere a siffar harafin. A danna shi su nutse cikin fata, sannan a goga tawada ko garin albarushi. Dalili kuwa, a lokacin mutum kan gudu daga wannan bataliya ya je waccan ya sake shiga don ya karɓi kuɗin ɗauka karo na biyu. To da likita ya ce ɗaga hannu, asiri ya tonu. Wanda aka kora saboda mugun hali kuma BC ake buga masa. Sai a shekarun 1870 aka daina.

Na yi aiki a wannan runduna, cikin 'yan ƙasashe renon Ingila da take ɗauka, mu da mutanen Gana da Fiji da Jamaika. Ban yi jarfa ba, kuma ba zan yi ba. Amma wanda ya kwana ɗaki ɗaya da mutane, ya yi layin wanka da su shekara da shekaru, dole ya koyi karanta abin da ke jikinsu. Daga nan na shiga bin diddigin abin.

Kowane tsohon saja zai ce maka Kyaftin Cook ne ya kawo jarfa Ingila bayan jirginsa ya sauka Tahiti a 1769. Gaskiya ne wasu mutanensa sun dawo da zane a jiki, amma al'adar ta girme shi. Tun ƙarni na 17 Kiristocin Turai masu ziyarar Ƙudus ke dawowa da gicciye a hannu, shaidar sun je. Ma'aikatan jirgin ruwa kuma sun daɗe suna huda wa juna haruffan suna da allurar ɗinki, don teku in ta ci mutum ta amayo shi bayan kwanaki, fuskar ba ta ganuwa. Su ne ma suka mayar da jarfa wani irin rubutu da su kaɗai ke ganewa. Tsattsewa ɗaya na nufin mutum ya yi tafiyar mil 5,000 a ruwa. Zakara a ƙafa ɗaya da alade a ɗayar laƙanin nutsewa ne, saboda a cikin akwatunan katako ake ɗauko dabbobin nan, kuma idan jirgi ya kife sau da yawa su ke kai wa gaɓa da rai.

Sai kuma 'yan sarauta suka shigo. A 1862 yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, ya yi gicciye a Ƙudus. A 1881 ɗansa George, yana ɗan shekara 16 kuma ƙaramin ma'aikaci a jirgin yaƙi, ya sauka Japan aka zana masa dodo a hannu. Abin da ɗan sarki ya yi, hafsa ba zai ji kunyarsa ba. Wani tsohon soja, Sutherland Macdonald, ya buɗe shago a titin Jermyn na Landan, unguwar masu hannu da shuni, kuma a 1894 ya yi rajistar injinsa mai aiki da lantarki, shekara uku bayan Samuel O'Reilly ya yi rajistar nasa a New York. Injin lantarkin nan shi ya sauya sana'ar. Aikin da a da ke cin yini guda ana huda ɗaya bayan ɗaya, ya koma na sa'a ɗaya, kuɗinsa kuma ya sauko har ƙaramin soja ya iya biya.

Wanda ya fi kowa cin kasuwar soja shi ne George Burchett. Ya shiga sojan ruwa yana yaro, ya gudu, daga baya ya kafa shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo. Ya san inda ya zauna: daga tashar nan ake hawa zuwa barikin Aldershot da tashoshin ruwa na Portsmouth da Southampton. Yaƙin duniya biyu ya yi yana zana wa samari tambarin bataliya da sunan uwa da na budurwa, har ya rasu a 1953.

Yaƙin farko ne ya dawo da tsohon tsoron nan na 'yan ruwa, wannan karon a tudu. A 1914 ɗan faifai ɗaya ake rataya wa soja a wuya, mai suna da lamba da addini. In ya mutu aka cire faifan aka kai ofis, gawar ta zama ba mai suna. Sai a 1916 aka mayar da shi biyu, ja a ɗauka, kore a bar wa gawa. Kafin nan an yi asara. A dutsen tunawa na Thiepval a Faransa kaɗai akwai sunayen mutum fiye da 72,000 da ba a san kabarinsu ba. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin saurayin da ya tsaya shagon Burchett kafin ya hau jirgi ba.

Bayan yaƙi na biyu, aikin soja na dole ya ci gaba har 1963, ya watsa jarfa cikin 'ya'yan talakawa, manya kuma suka janye jiki. A 1969 majalisa ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Dokar tana nan, ita ta sa yau yaro ɗan 16 zai iya shiga makarantar soja ta Harrogate a koya masa harbi, amma ba shi da ikon zana tambarin rundunar a damtsensa sai ya ƙara shekara biyu.

A zamaninmu jarfar farko ta kurtu ce. An gama horon wata shida a Catterick, an yi faretin fita, albashi ya shigo, sai a ɗunguma gari. Tambarin hula a ƙirji ko a damtse, shi ne kan gaba. Akwai kuma doka wadda ba a rubuce take ba: ba ka zana abin da ba ka ci ba. Wanda ya sa fukafukan sojan laima bai taɓa dirowa daga jirgi ba, ko wuƙar kwamandojin ruwa bai gama kwas ɗinsu ba, zai gane kurensa a mashaya tun kafin maganar ta kai kunnen samanja. Wasu kan rubuta rukunin jininsu a hannu. Likitocinmu dariya suke yi, don babu likitan da zai ƙara wa mutum jini bisa shaidar mai shago. Kuma kada in yi muku ƙarin gishiri: rabin abin da na gani a jikin sojoji aikin giya ne da daren Asabar. Sunan yarinyar da ta riga ta auri wani, rubutun Sinanci da mai shi bai san abin da ya ce ba, zaki mai kama da kyanwar da ta sha ruwan sama.

Helmand ce ta canza abin. Daga 2006, da aka tura dakarun Birtaniya kudancin Afganistan, zanen da ake dawowa a yi ya daina zama na fahariya. Mutum 179 Birtaniya ta rasa a Iraƙi, 457 a Afganistan, da yawansu ta hanyar nakiyar da ake binnewa a hanya. Sai ga jan furen nan da mutanen Ingila ke maƙalawa a ƙirji kowane Nuwamba ya koma kan fata. Sai ga kwanan wata. Sai ga lambobi.

Lambobin nan suna bukatar bayani. Kowane soja yana da gajeriyar lamba, haruffa biyu na farkon sunan gidansu da alƙaluma huɗu na ƙarshen lambarsa ta aiki. Idan an ji masa rauni ko ya mutu, ita ake faɗa a rediyo maimakon suna. Ke nan ga wanda yake wurin, ita ce sigar da labarin ya fara shiga kunnensa. Wani kofur da muka yi aiki tare yana da irinsu uku a haƙarƙarin hagu, kowace da kwanan wata a gefe, da baƙar tawada, ba fure ba ado. Wuri ne mai zafin allura, don ƙashi na kusa, kuma riga na rufe shi. Ya ce mini da gangan ya zaɓe shi, don ba domin mutanen gari ya yi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ya sa mai zanen ya matse layukan sama, ya bar fili a ƙasa. Lokacin saura 'yan watanni a sake tura mu.

Akwai kuma waɗanda nakiya ta tafi da ƙafarsu tare da zanen da ke kanta. A cibiyar farfaɗo da masu rauni ta Headley Court, kafin a rufe ta a 2018, wasu kan jira tabo ya warke su koma shago, ko a maido abin da ya tafi a wani wuri, ko a zana a kan tabon. A 2014 hukuma ta bi sahun mutanenta, ta halatta jarfa a bayan hannu da ƙeya, fuska da zanen batsa ko na wariyar launin fata kuwa suna nan a haramce. A 2019 ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Royal British Legion ta shirya baje kolin hotunan irin wannan jarfa mai suna Tribute Ink.

Ni kaina da tambari na shiga. Ranar gwajin lafiya likita ya dubi billen da ke kumatuna ya rubuta shi a gurbin alamomin shaida, gurbin da ake rubuta jarfar sauran. Abokai suka riƙa tsokanata wai na riga kowa, tunda ina ɗan kwana bakwai wanzami ya yi mini. Sai dai nawa gidan da na fito yake faɗa, kuma ba a yi shawara da ni ba. Nasu abin da ya same su yake faɗa. Da suka matsa in bi su shago, na ce musu malamanmu sun hana, bisa hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, kuma namu mamatan addu'a muke bin su da ita. Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Duk da haka ba na yarda idan na ji mutanenmu na yi wa duk mai jarfa kuɗin goro, wai ɗan iska ne ko ɗan ƙungiyar asiri. Ranar sallama soja kan kwashi hular kwano da sulke da jaka ya kai sito, a duba takarda a sa hannu. Lambar yabo ta shiga akwati sai Nuwamba. Bataliyar ma ana iya haɗe ta da wata a sauya mata suna, kamar yadda aka yi wa da yawa a 2006 da 2007. Mutumin da ya koma garin da ba wanda ya san inda Sangin ta Helmand take, abin da ke fatarsa ne kaɗai shaidar da ba ya bukatar izinin kowa kafin ya riƙe.

Wannan fa zancen Birtaniya ne. A Najeriya ƙofar a rufe take. Sanarwar ɗaukar soja kan sa sharaɗin kada mutum ya kasance da jarfa ko wani rubutu a jiki, kuma ƙa'idojin aikin soja da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Disamban 2024 sun haramta ta ga wanda ke cikin kaki. Don haka ƙanena mai burin zuwa Daffo a Zariya, kada hotunan sojojin Turai a intanet su ruɗe ka. Ranar tantancewa tuɓe riga ake yi.