Tutar Zazzau da Kafuwar Masarautar Keffi

Shanu ne suka kawo Abdu Zanga ƙasar Keffi. Bafulatani ne daga ƙasar Katsina, wanda ya saba gangarowa kudu da garkensa idan rani ya tsananta, damina ta faɗi ya koma gida. Wajajen 1800 ya yanke shawarar zama. Wurin ba kango ba ne. Akwai Gwandara da Gade da Yeskwa da Afo, kowa da garinsa da gonarsa, don haka baƙon ya kewaye zangonsa da kafi, Fulani da Hausawa suka yi ta taruwa a ciki.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, lissafi ya canja. Daga nan duk mai son a kira shi sarki sai ya riƙe tuta, domin ita ce shaidar cewa yaƙinsa jihadi ne, ba fashi ba. Labarin da aka gada a Keffi ya ce Abdu Zanga ya kama hanyar zuwa wurin Shehu don ya karɓi tasa, amma Malam Musa, wanda ya ci Zariya a 1808, ya nuna masa cewa duk ƙasar kudu har bakin Binuwai tana cikin rabon Zazzau. A hannun Malam Musa ya karɓi tuta. Keffi ta zama masarauta, amma tsakaninta da Sakkwato akwai ubangida, kamar yadda Jama'a take.

   Abdu Zanga yana waiwayawa yamma zai ga sarakunan Haɓen Zazzau da aka kora, waɗanda suka sauka Zuba, daga baya suka kafa Abuja a 1828. Gabas kuma duwatsun Mada da Eggon ne, inda doki ba ya da amfani. Mai irin waɗannan maƙwabta bai isa ya ce ba ya son ubangida ba.

Sai dai inuwar Zazzau ba kyauta ba ce. Kowace shekara Keffi na aika gaisuwa Zariya, mafi yawanta bayi, kuma daga ƙauyukan da ke kewaye ake kamo su. Jikokin mutanen ƙauyukan nan suna nan, da su ake cin kasuwar Keffi yau, kuma tarihin da ya tsallake wannan bai cika ba.

Abdu Zanga ya rasu a 1820, ɗan'uwansa Maizabo ya gaje shi. Rigima mafi girma ta wancan zamani daga cikin gida ta fito. Umaru Makama Dogo, jarumin da ya yi wa Keffi yaƙe-yaƙe, ya ɓata da gidan sarautar, ya ja mutanensa kudu ya kafa Nasarawa wajajen 1835. Ita ma ta bi Zazzau, wadda ba ta yi asarar komai ba: gaisuwa ɗaya ta zama biyu.

Abin da ya raya garin shi ne hanya. Fataken Kano da Zariya masu nufin tashar Loko a bakin Binuwai sai sun yada zango a Keffi, da jakunansu da tufafi da kanwa, su koma da hauren giwa da bayi. Bajamushen nan Gerhard Rohlfs ya sauka garin a 1867, ya rubuta shi da sunan Keffin Abdu Zanga. Wani Bajamushen, Paul Staudinger, ya biyo ta nan daga Loko a 1885 zai tafi Kano da Sakkwato. Hanyar da ta kawo arziki ita ta sa Keffi ta zama ƙofar da Turawa za su fara ƙwanƙwasawa.

Lokacin da Gwamna Lugga ya shelanta mulkin Ingila a Arewa a farkon 1900, iko a Keffi ya rabu biyu. Sarki Ibrahim yana fada, amma dawaki da mayaƙa suna hannun Magaji Ɗan Yamusa, wanda shi ne idon Sarkin Zazzau a garin. Turawa suka aiko Kyaftin Moloney a matsayin Razdan, da umarnin hana harin bayi da buɗe hanyar fatake. Ranar 3 ga Oktoba 1902 ya zauna a dandalin ƙofar fada ya aika a kira Magaji. Magaji ya ƙi fitowa. Moloney, wanda ƙafarsa ke da rauni, ya tura mataimakinsa cikin gidan, aka fatattako shi. Moloney yana cewa a kira sojoji, Magaji ya fito a kan doki ya kashe shi, ya fice daga gari. Riwayoyi da dama sun ɗora laifi a kan tafinta Audu Timtim, cewa shi ya riƙa juya magana tsakanin mutanen biyu. Ko da tafintan ya faɗi gaskiya, da wuya a ga inda za su daidaita, domin abin da Moloney ya zo hanawa shi ne abin da sarautar Magaji ta tsaya a kai.

Magaji bai nufi Zariya ba, don Turawa sun riga sun kama Sarki Kwasau. Kano ya tafi, Sarki Alu ya tarbe shi da girma. Lugga ya sami hujjar da yake nema ta kai wa Kano yaƙi. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato a watan Maris, Magaji kuma ya mutu a Burmi a watan Yuli tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Kabarin Moloney yana kan tudun da har yau ake kira da sunansa a Keffi.

Turawa suka cire Keffi daga ƙarƙashin Zazzau suka sa ta a Lardin Nasarawa, daga baya Lardin Binuwai. Ta zauna a Jihar Binuwai-Filato daga 1967, Filato daga 1976, sannan Jihar Nasarawa daga 1996. Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu, ta fitar da sunan garin, jami'ar jiha kuma ta cika shi da ɗalibai. Sarautar ta ɗore cikin duk waɗannan sauye-sauye. Muhammadu Chindo Yamusa na Biyu ya hau a 1978, ya yi shekara 37 a gadon, da ya rasu a 2015 aka naɗa ɗansa, Dokta Shehu Chindo Yamusa na Uku.