Sokratis: Yaron Kalamata da ya tsare baya a ƙasashe biyar

Sunan danginsa Papastathopoulos, haruffa 16 cif, kuma tun da ya fita waje masu buga suna a bayan riga suka ga ba za su iya da shi ba. Sai aka koma rubuta sunan yankansa kawai, Sokratis, da shi kuma masu kallon ƙwallo suka san shi daga Dortmund har Landan. An haife shi ranar 9 ga Yuni 1988 a Kalamata, garin zaitun da ke kudancin Girka, nesa da hayaniyar manyan ƙungiyoyin Atina.

AEK ta Atina ce ta fito da shi. Ta ba Niki Volos aronsa a 2006 don ya goge, ya dawo ya kama wuri a tsakiyar baya, har aka ɗaura masa kambun kyaftin yana ɗan shekara 19. A 2008 Genoa ta Italiya ta saye shi, ya faɗa hannun Gian Piero Gasperini, kocin da ke son ɗan baya ya manne wa mutum ɗaya ya bi shi duk inda ya nufa. A kakarsa ta farko Genoa ta ƙare ta biyar a Serie A, Diego Milito yana ta zura ƙwallaye a gaba. Nan Sokratis ya koyi aikin da ya ci abinci da shi har ya yi ritaya: ya sa jiki, ya sa kafaɗa, ya hana ɗan gaba juyawa.

Daga nan sai AC Milan ta kira a 2010. Wane yaro ɗan shekara 22 ne zai ce a'a? Amma a gabansa akwai Alessandro Nesta da Thiago Silva, kuma koci Massimiliano Allegri bai ga dalilin taɓa su ba. Milan ta lashe Serie A a 2011, Sokratis ya samu lambar yabo, alhali wasa biyar kacal ya buga a gasar. Kofin ya shiga tarihinsa, sai dai shekarar a benci ta ƙare.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya gyara masa rayuwa. Ya haƙura da babban suna, ya tafi Werder Bremen ta Jamus, ƙungiyar da ke fafutukar zama a tsakiyar teburi, wadda ake yawan zura wa ƙwallo. Koci Thomas Schaaf yakan tura shi gefen dama, wurin da ba nasa ba, shi kuwa bai yi ƙorafi ba tunda kowane mako yana fili. Shekara biyu ya yi yana sharar zufa a wurin, kuma a can Jürgen Klopp, kocin Borussia Dortmund a lokacin, ya hango shi. A 2013 ya koma Borussia Dortmund, wadda ta buga wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a watan Mayun wannan shekarar.

Shekarunsa biyar a Dortmund su ne tsakiyar labarin. An ɗauko shi ne a matsayin mai jiran Mats Hummels da Neven Subotić, amma raunin da Subotić ya ji a gwiwa ya buɗe masa ƙofa, bai kuma bari an rufe ta ba. Sau uku a jere Dortmund ta kai wasan ƙarshe na Kofin Jamus tana dawowa hannu rabbana: Bayern Munich a 2014, Wolfsburg a 2015, Bayern kuma a 2016. Na ukun ya fi ci masa rai. An tashi babu ci bayan minti 120, aka je bugun fenariti, Sokratis ya ajiye ƙwallo ya buga, ta daki ƙarfen raga ta fita. Bayern ta ɗaga kofi yana tsaye yana kallo.

Kaka ta gaba ta zo da abin da ya fi faɗuwa a fili muni. Ranar 11 ga Afrilu 2017, motar 'yan wasan Dortmund ta bar otal za ta fili don karawa da Monaco, sai bama-bamai uku suka tashi a gefen hanya. Gilashi ya farfashe, abokin aikinsa a baya Marc Bartra ya ji rauni a hannu, aka wuce da shi asibiti. Washegari aka sa su buga wasan, Monaco ta ci 3-2, kuma Sokratis na cikin waɗanda suka fito fili suka ce ba a ɗauke su a matsayin mutane ba. Yana da gaskiya. Babu kuɗin talabijin da ya kai a tura mutum fili kwana ɗaya bayan ya tsallake rijiya da baya. Makonni kaɗan bayan haka, a Berlin, Dortmund ta doke Eintracht Frankfurt 2-1 a ƙarƙashin Thomas Tuchel, Pierre-Emerick Aubameyang ya ci ta biyun da fenariti. A karo na huɗu Sokratis ya riƙe kofin da hannunsa.

Masu bin gasar Firimiya sun san shi ne daga 2018, lokacin da Arsenal ta Unai Emery ta saye shi yana ɗan shekara 30, ya sake haɗuwa da Aubameyang. Ƙwallonsa ta farko ya ci ta ne a Baku a ragar Qarabag, kuma a Bakun ne kakar ta ƙare da baƙin ciki, Chelsea ta lallasa su 4-1 a wasan ƙarshe na Europa, Alex Iwobi na Najeriya ya ci wa Arsenal ɗayar. Magoya baya sun riƙa kukan yawan katin da yake karɓa da raguwar gudunsa, kukan kuma ba na banza ba ne. Ya ci Kofin FA a 2020, amma sabon koci Mikel Arteta yana son 'yan baya masu fara wasa da ƙwallo a ƙafa, Sokratis kuwa mai kwacewa ne. A Oktoba aka cire sunansa da na Mesut Özil daga jerin 'yan wasan Firimiya, a Janairun 2021 aka raba gari.

Ya koma gida, amma ba AEK ba. Olympiacos ya zaɓa, babbar abokiyar hamayyarta ta Piraeus, abin da bai yi wa magoya bayan tsohuwar ƙungiyarsa daɗi ba. A can ya ci gasar Girka a 2021 da 2022, kofin da bai taɓa ɗagawa ba yana yaro. A Oktoban 2023 koci Manuel Pellegrini ya kira shi Real Betis ta Sifaniya, ya yi musu ragowar kakar, sannan ya rataye takalmi a 2024, bayan ya buga wa ƙasarsa wasa 90.