BARIKI: YADDA SUNAN WURI YA KOMA SUNAN HALI

A wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kalma ɗaya tak nake so mu zauna mu duba, kalmar da kowa yake furtawa safe da yamma amma ba kowa ne ya taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Kalmar kuwa ita ce bariki.

Asalinta Turanci ce, barracks, wato gidajen da ake gina wa soja. Su ma mutanen Ingila aro ta suka yi daga Faransanci, can farko kuwa a bakin mutanen Sifen ba ta wuce 'yar bukkar da soja yake kafawa ya kwana a ciki ba. To kun ji, bukka ce fa kawai. Amma da ta shigo bakin Bahaushe sai ta yi 'ya'ya da jikoki, har ta kai yau tana iya kashe aure.

A shekarar 1903, bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato da yaƙi, Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, ba tare da an gwabza ba. Rundunar da ya zo da ita, wadda aka kafa tun 1897, manyanta ne kawai fararen fata, sauran duk baƙaƙe ne irinmu, da yawansu ma Hausa suke ji. Inda aka sauke waɗannan sojoji shi ne bariki na farko, kuma har gobe wannan ma'ana tana nan, shi ya sa muke cewa barikin soja, barikin 'yan sanda.

Da yake Bature ba ya nisa da sojansa, sai sunan ya shafi duk inda Turawa suke zaune. Su kuwa ba su yarda su zauna cikin gari ba. A 1897 wani likitansu mai suna Ronald Ross ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro, sai suka ɗauka cewa in sun kusanci baƙar fata, musamman yara ƙanana, sauron da ya ciji yaran zai dawo kansu. Saboda haka aka yi ƙa'ida a bar fili na yadi 440 tsakanin gidajensu da na mutanen ƙasa, kuma ba baƙin mutum da zai zauna a unguwarsu sai mai yi musu barance. Wannan unguwa ta bayan ganuwa, mai manyan filaye da itatuwa, ita ce yau muke kira GRA, wato yankin da gwamnati ta keɓe. Kakanninmu ba su san wani GRA ba, bariki suke cewa. In an ce wane ya tafi bariki, to ya tafi wurin Razdan ko Di'o ke nan.

Ba ta tsaya nan ba. Masaukin da ake gina wa Bature a bakin hanya don ya kwana in ya fita rangadi, shi ma bariki. Sansanin leburorin haƙar kuza a ƙasar Jos, inda dubban Hausawa suke zuwa neman kuɗin haraji, shi ma bariki, ga sunan garin Barikin Ladi nan shaida. Kai har harshe sai da kalmar ta haifa. Sojan da ba Bahaushe ba, da Baturen da ya koyi Hausa sama-sama, sun riƙa yin wata irin gurɓatacciyar Hausa wadda ba ruwanta da namiji ko mace, sai ka ji an ce mace ya zo. Ita ce Barikanci.

To a nan ne maganar ta fara juyawa. Su wa suke zaune a gefen Bature? Kuku ne, da boyi, da masinja, da tafinta, da mai gadi, da akawu. Yawancinsu baƙi ne, sun baro garuruwansu, ba uba a kusa, ba mai unguwa, ba malamin da zai tsawata musu. Ga albashi duk wata, ga taba, ga giya, ga ɗan Turanci a baki. Mutanen cikin gari suna kallonsu da tsoro, suna kuma kallonsu da raini. Daga nan bariki ta tashi daga sunan wuri ta koma sunan hali. Ɗan bariki shi ne wanda idonsa ya buɗe, ya san kan duniya, ba a cutarsa, amma kuma ba a ba shi amana. Barikanci ma ya bar harshe ya koma nufin wayo da iya yaudara, har ake cewa bariki iyawa ce.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan: ku duba yadda aka raba gadon kalmar tsakanin maza da mata. Ka ce wa namiji kai ɗan bariki ne, sai ya yi dariya, wani ma har ya ba ka hannu ku tafa, don a wurinsa kirari ne. Amma ki ce wa mace 'yar bariki, wallahi kin gama da ita. Ma'ana ɗaya ce tak ake ɗauka, karuwa. Gaskiya ne akwai matan da suka bi sojoji da leburori suka yi zaman kansu a gefen bariki, ba mai musun wannan. Sai dai ba a cika tambayar me ya fitar da su daga gida ba. Wata auren dole ta gudar wa, wata an sake ta ne da tsakar dare, gidan ubanta kuma aka ce ba wurinta. Wanda ya kore ta yana nan da mutuncinsa, wanda yake zuwa wurinta da dare shi ma yana nan da rawaninsa, ita kaɗai aka bari da suna.

Daɗin daɗawa, sunan bai tsaya kan masu zaman kansu ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, yau kowa alfahari yake da su. Karatun 'ya'ya mata kuwa sai a 1930 aka fara shi a Katsina da Kano, a nan da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko wanda ya hau gadon sarauta a 1906. Tun daga lokacin, macen da ta fita ta yi aikin jinya, ko koyarwa, ko aikin ofis, ba ta rasa mai yi mata gunaguni a bayan ido cewa ai ta zama 'yar bariki. Ni kaina na ga an fasa neman auren yarinya kamila, mai salla da azumi, don kawai wata tsohuwa a dangin saurayin ta ji tana aikin dare a asibiti ta furta wannan kalma. Mu masu rubuta littattafai ma ba mu tsira ba.

Abin dariya kuma abin takaici, ita ainihin barikin fa ta daɗe da wanke kanta. Da aka sami mulkin kai a 1960 Turawa suka yi ta tafiya, 'ya'yanmu maza da suka yi boko suka gaji ofisoshinsu da gidajensu. Da Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, unguwar ta ƙara cika da manyan ma'aikata da attajirai. Yau in aka ce yarinya za a kai ta GRA, har guɗa ake yi, dangi suna ta sambarka. Jama'a, ba nan ne barikin ba? An sake wa wurin suna don masu shigarsa manya ne, tsohon sunan kuma aka bar wa matan da ba su da gata.

Don haka 'yar uwa, domin mu mata mun fi kowa jifar juna da wannan kalma, kafin ki kira ɗiyar wani 'yar bariki ki tsaya ki tambayi kanki wace barikin kike nufi. In wayewa kike nufi ki ce wayayyiya, in rashin kunya kika gani ki ce marar kunya, ki yi mata faɗa a kan abin da kika gani. In kuwa ɗaya ma'anar kike nufi, to ki sani ƙazafi ne, shari'a ta nemi shaidu 4, wanda ya kasa kawo su bulala 80 ce a kansa. Kina da su?

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya rufa wa 'ya'yanmu asiri, amin. Wassalam, taku har kullum.