Shirye-shiryen al'umma a ɗakunan karatu na ƙananan garuruwan Amurka

Shirye-shiryen al'umma a ɗakin karatu su ne taruka, darussa da bukukuwan da laburaren gwamnati ke shirya wa mazauna gari, ban da aikinsa na bayar da aron littattafai. Akasarinsu kyauta ne, ba a kuma tambayar mutum katin aro kafin ya shiga. A ƙasar Amurka akwai hukumomin ɗakunan karatu na jama'a kimanin 9,000, masu gine-gine da rassa kusan 17,000, kuma mafi yawansu suna hidima ne ga yankunan da mutanensu ba su kai 25,000 ba. A irin waɗannan garuruwa, inda sau da yawa babu gidan sinima ko babban zauren taro, ɗakin karatu ne wurin da yaro da tsoho za su shiga su zauna ba tare da sun sayi komai ba.

Tarihi

A ranar 9 ga Afrilu, 1833, mutanen garin Peterborough da ke jihar New Hampshire suka amince a taron gari da a kafa ɗakin karatu na kyauta da kuɗin jama'a, bisa shawarar wani malamin coci mai suna Abiel Abbot. Ana ɗaukarsa a matsayin ɗakin karatu mafi daɗewa a ƙasar cikin waɗanda haraji ke ɗauke da su. Da farko ma ba shi da gini, a wani kanti da ke ɗauke da gidan waya aka ajiye littattafan. A 1849 jihar ta kafa dokar da ta bai wa garuruwa damar tara haraji domin ɗakunan karatu.

Yawancin gine-ginen ƙananan garuruwa sun zo ne daga baya. Attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu na jama'a 1,689 a Amurka, bisa sharaɗin cewa gari zai ba da fili, kuma zai riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara domin gudanar da shi. A wurare da dama ƙungiyoyin mata ne suka rubuta takardar neman tallafin, su ne kuma suka fara tara littattafan. Da yawa daga cikin waɗannan gine-gine suna da ɗakin lacca a ƙarƙashin ƙasa, kuma a nan aka fara gudanar da taruka a kai a kai. Ga waɗanda ke nesa da gari, Mary Titcomb ta fara aika keken doki ɗauke da littattafai zuwa gonakin gundumar Washington ta jihar Maryland a 1905. A 1956 majalisar dokokin tarayya ta zartar da dokar farko ta tallafa wa ɗakunan karatu, wadda aka keɓe ta ga yankunan karkara masu ƙasa da mutum 10,000.

Ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba a duk tsawon wannan lokaci. A jihohin kudu an daɗe ana hana baƙar fata shiga. A watan Maris na 1964 wasu samari baƙar fata biyar suka shiga ɗakin karatun ƙaramin garin Clinton na jihar Louisiana suka ƙi fita, aka kama su. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke musu a 1966.

Shirye-shiryen yara

Mafi daɗewa cikin shirye-shiryen shi ne lokacin labari, wanda ya fara yaɗuwa wajen shekarar 1900. Ma'aikaciyar ɗakin karatu kan zauna a gaban yara, ta ɗaga littafi mai hotuna yadda kowa zai gani, tana karantawa tana tambayarsu, a tsakani a yi waƙa da tafi. Yawanci ba ya wuce rabin awa. Ana raba yaran gwargwadon shekarunsu, har da rukunin jarirai da ke zaune a cinyar iyayensu. Manufar ita ce yaro ya saba da kalmomi da yadda ake buɗe littafi tun kafin ya shiga makaranta, amma iyaye mata da ke wuni a gida su kaɗai su ma suna zuwa ne domin su ga juna, kuma ma'aikatan sun san da haka.

Babban aikin shekara shi ne karatun dogon hutu. Makarantun Amurka kan rufe daga watan Yuni zuwa Agusta, malamai kuma sun daɗe da lura cewa yaron da bai taɓa littafi ba a waɗannan watanni yakan dawo ya ja baya, musamman ɗan talaka. Saboda haka ake ba kowane yaro takardar da zai riƙa rubuta littattafan da ya karanta ko mintunan da ya yi yana karatu, a ƙarshe a ba shi 'yar kyauta da 'yan kasuwar gari suka bayar. Da yake ƙaramin ɗakin karatu ba shi da ƙarfin buga fastoci da tsara jigo shi kaɗai, hukumomin ɗakunan karatu na yankunan jihar Minnesota suka haɗa kai a 1987 suna tsara jigo ɗaya duk shekara, haɗin gwiwar da daga baya ya game ƙasar. Wasu ɗakunan karatun kuma suna raba abincin rana kyauta a lokacin hutun, a ƙarƙashin shirin ma'aikatar noma ta tarayya, domin yaran da suka dogara da abincin makaranta.

Akwai kuma zaman karanta wa kare littafi, wanda aka fara a birnin Salt Lake a 1999. Yaron da ke jin kunyar yin tuntuɓe a gaban malami yakan saki jiki a gaban horarren kare, tun da ba ya gyara masa kuskure.

Shirye-shiryen manya

Na manya sun bambanta daga gari zuwa gari. Kusan ko'ina akwai ƙungiyar masu karatu da ke haɗuwa sau ɗaya a wata su tattauna littafi guda. Tsarin da gari baki ɗaya ke karanta littafi ɗaya a lokaci ɗaya ya samo asali ne a birnin Seattle a 1998, ƙananan garuruwa suka kwaikwaya. Ana kuma yin laccoci kan tarihin gari, binciken asalin dangi, zaman saƙa da ɗinki, da darasin Turanci ga baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar.

Wani da ke jan mutane sosai shi ne taimakon kwamfuta. Neman aiki, cike takardun haraji da neman tallafin gwamnati duk sun koma intanet, alhali gidajen karkara da yawa ba su da layi mai ƙarfi. Daga watan Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu masu aikin sa-kai kan zauna su taimaka wa tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi cike takardun haraji. Lokacin annobar korona a 2020, da aka rufe gine-gine, ɗakunan karatu da dama sun bar intanet ɗinsu a kunne dare da rana, ɗalibai na zuwa su yi aikin makaranta daga cikin mota.

Wasu sababbin dabarun daga ƙananan wurare suka fito. A 2004 ɗakin karatun garin Gardiner na jihar New York ya fara bayar da aron irin shuka: mutum ya karɓa da damina, ya mayar da sabon iri bayan girbi. Na ƙauyen Fayetteville, shi ma a New York, ya yi suna tun wajen 2011 da buɗe ɗakin ƙere-ƙere mai injin da ke fitar da abu da roba daga zanen kwamfuta. A husufin rana na 21 ga Agusta, 2017 da na 8 ga Afrilu, 2024, ɗakunan karatu ne suka raba wa jama'a miliyoyin tabarau na kare ido.

Kuɗi da ma'aikata

Mafi yawan kuɗin ɗakin karatu na fitowa ne daga harajin gidaje da filaye na yankin, ɗan abin da jiha da tarayya ke ƙarawa ba shi da yawa. Albashi da gyaran gini ne ke cinye kasafin, shi ya sa kuɗin shirye-shirye kan fito daga ƙungiyar masu sa-kai da ake kira abokan ɗakin karatu, waɗanda ke sayar da tsofaffin littattafai su tara. A wurare da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da komai, wadda ta karanta wa yara labari da safe ita ce za ta jera kujerun lacca da yamma. Ana ƙirga yawan mahalarta kowane taro, saboda da waɗannan alkaluma shugabar ɗakin karatu ke kare kasafinta a gaban majalisar gari.

Taƙaddama

Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka, a kundin 'yancin masu karatu da ta fara amincewa da shi a 1939 ta kuma yi wa gyare-gyare daga baya, ta ce ɗakin taron da aka buɗe wa jama'a ya kamata a bayar da shi ba tare da duba aƙidar masu nema ba. Wannan ya sa ƙungiyoyin addini da na siyasa masu adawa da juna kan yi amfani da ɗaki ɗaya a ranaku daban. A 'yan shekarun nan saɓani ya tsananta kan littattafai da tarukan da suka shafi jinsi, tsakanin iyayen da ke ganin ba su dace da yara ba da masu cewa kowane iyali ya zaɓa wa kansa. A yankin Jamestown na jihar Michigan, masu zaɓe sun ƙi sabunta harajin ɗakin karatun Patmos har sau biyu a 2022 saboda irin wannan saɓani, ya rayu da gudummawar jama'a, sai a watan Nuwamba na 2023 suka amince da harajin.