Gängeviertel: Tarihin unguwar masu fasaha da jama'ar Hamburg suka hana a rushe

Gängeviertel rukunin tsofaffin gidaje goma sha biyu ne da ke tsakiyar Hamburg, birni na biyu mafi girma a ƙasar Jamus. Gidajen suna tsakanin titunan Valentinskamp da Caffamacherreihe da Speckstrasse, 'yar tafiya kaɗan daga dandalin Gänsemarkt, kuma dogayen benayen ofisoshi na gilashi sun yi musu ƙawanya ta kowace kusurwa. Tun shekarar 2009 wurin ya zama matattarar masu zane-zane da mawaƙa da masu ɗaukar hoto da 'yan wasan kwaikwayo, waɗanda suke zaune a ciki, suke aiki a ciki, suke kuma tafiyar da shi da kansu.

Gwamnatin birnin ta riga ta sayar da gidajen ga wani kamfani da ya yi niyyar rushe mafi yawansu. Masu fasaha ne suka fara shiga suka zauna, amma abin da ya tilasta wa hukuma janye cinikin shi ne goyon bayan sauran mazauna birnin, waɗanda daga baya suka zuba kuɗinsu suka zama masu hannun jari a wurin. Wannan ya sa masu nazarin tsara birane suke yawan kafa misali da shi.

Asalin sunan da tarihin unguwar

A harshen Jamusanci, ma'anar sunan ita ce unguwar lunguna. Da can haka ake kiran manyan unguwannin talakawa da suka mamaye tsakiyar Hamburg, inda aka cusa gidajen katako da bulo a jikin juna, lungunan da ke tsakaninsu kuma suka yi ƙunci har keken doki ba ya iya ratsa wasu. Leburorin tashar jiragen ruwa da masu ƙananan sana'o'i ne suka fi yawa a ciki. A ɗaya daga cikin waɗannan lunguna aka haifi shahararren mai tsara kiɗan nan Johannes Brahms a 1833, sai dai gidan da aka haife shi ya ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa birnin a 1943.

An fara share unguwannin a shekarun 1880, lokacin da aka tashi mutane kimanin 20,000 domin gina rumbunan ajiyar kaya na Speicherstadt a bakin ruwa. A 1892 annobar kwalara ta ɓarke, ta kashe mutane kimanin 8,600. Babban musabbabinta shi ne ruwan kogin Elbe da ake rarraba wa gidaje ba tare da tacewa ba, amma cunkoso da ƙazantar lunguna sun ƙara wa cutar ƙarfi, kuma masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch, wanda ya ziyarci birnin a lokacin, ya yi tir da yanayin da ya tarar da mutane a ciki. Daga nan hukuma ta sami hujjar rusau. An ci gaba da shi a farkon ƙarni na ashirin, gwamnatin 'yan Nazi ta ɗora a shekarun 1930 a sassan da 'yan kwaminis suke da ƙarfi, yaƙin duniya na biyu ya cinye wani ɓangare, sannan ginin hedikwatar kamfanin Unilever a farkon shekarun 1960 ya tafi da kusan duk abin da ya rage. Gidajen nan goma sha biyu suna cikin 'yan tsirarun da suka tsira.

Ciniki da kamfanin Hanzevast

Gidajen mallakar gwamnatin birni ne, kuma ta bar su shekara da shekaru babu gyara. Rufi ya riƙa yoyo, katako ya ruɓe, masu haya suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 2000 manufar gwamnatin ita ce sayar da filaye da gidajenta ga wanda ya fi taya su da tsada, kuma ta haka Gängeviertel ta faɗa hannun Hanzevast, wani kamfanin zuba jari na ƙasar Holland. Tsarin da aka amince masa ya ƙunshi rushe mafi yawan ginin, a bar fuskokin wasu gidaje don ado, a gina ofisoshi da gidajen haya masu tsada a bayansu.

Rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya kawo tsaiko. Kamfanin ya riƙa jinkirin biyan kason kuɗin da aka yi yarjejeniya a kai, aiki bai fara ba, gidajen kuma suka ci gaba da lalacewa a rufe. A daidai wannan lokaci kuɗin haya yana ta hauhawa a Hamburg, masu fasaha da yawa sun rasa ɗakunan aiki, alhali ofisoshi masu ɗimbin yawa suna nan babu kowa a ciki.

Ranar 22 ga Agusta, 2009

A wannan rana masu fasaha kimanin 200 suka buɗe gidajen suka shiga. Sun sanar da abin a matsayin bikin tsakar gida, suka rataye zane-zane a ɗakunan da aka yi watsi da su, suka shirya kiɗa da wasannin yara, suka gayyaci kowa da kowa. Dubban mutane suka halarta a ƙarshen makon. Da biki ya watse, masu shirya shi suka ƙi fita. Taken da suka ɗauka, Komm in die Gänge, yana da harshen damo: yana nufin shigo cikin lunguna, yana kuma nufin tashi ka motsa.

Hamburg ta saba da mamayar gidaje. An yi ta a titin Hafenstrasse tun 1981, aka yi ta a tsohon gidan wasan Rote Flora a 1989, kuma dukansu sun jawo arangama da 'yan sanda ta tsawon shekaru. A lokacin akwai ƙa'idar da hukuma take bi ta fitar da masu mamaya cikin kwana guda. Mutanen Gängeviertel sun kauce wa wannan tarko ta hanyar salon da suka zaɓa. Ba su toshe ƙofa ba, ba su rufe fuska ba, suka naɗa fitaccen mai zane Daniel Richter uban tafiyar, suka kuma gabatar da kansu a matsayin masu ceton kayan tarihin birni da hukuma ta bari suna ruɓewa. Tun daga makon farko suka shiga share ɗakuna da toshe yoyo. Korar mutanen da ke gyara gida a gaban iyalai da 'yan jarida abu ne da gwamnati ta ga zai zubar mata da mutunci, don haka 'yan sanda ba su shiga ba.

Yadda jama'a suka mara musu baya

Goyon bayan ya fito daga ɓangarorin da ba su saba haɗuwa ba. Masana gine-gine da masu rajin kare kayan tarihi sun fito sun ce rushe gidajen asara ce da ba ta da magani. Tsofaffin da suka tashi a unguwar sun riƙa zuwa suna ba da labarin yadda take a da. Maƙwabta da masu sana'ar hannu sun kawo kayan aiki da abinci da ƙarfin jikinsu. Hatta jaridar Hamburger Abendblatt, wadda aka sani da ra'ayin mazan jiya, ta riƙa ba da rahotanni masu nuna tausayawa ga masu mamayar.

A watan Oktoban shekarar wasu mawaƙa da marubuta da masu zane suka fitar da wata takardar matsaya mai suna Not in Our Name, Marke Hamburg, inda suka ƙi yarda a riƙa amfani da sunansu wajen tallata birnin. Dalilin haka shi ne gwamnatin magajin gari Ole von Beust, ta haɗin gwiwar jam'iyyar CDU da ta masu kare muhalli, ta rungumi ra'ayin masanin nan ɗan Amurka Richard Florida, wanda ke cewa birnin da ya jawo masu fasaha da masu ƙirƙira shi ne jari zai bi. Masu takardar suka ce ba zai yiwu a yi ta alfahari da su a takardun talla ba, alhali tsadar haya tana korar su daga unguwannin da suka raya. A wannan shekara ce kuma ƙungiyoyin unguwanni da dama suka dunƙule a ƙarƙashin inuwar Recht auf Stadt, wato haƙƙin zama a birni, Gängeviertel ta zama tutarsu.

Da kamfanin ya biya wani kaso na kuɗin a ƙarshen lokaci, ya nemi a miƙa masa gidajen, masu fasahar suka fice daga biyu a cikinsu na ɗan lokaci domin kada birnin ya faɗa cikin biyan diyya. Wannan mataki ya ƙara musu kima a idon jama'a da hukuma. A tsakiyar watan Disamba na 2009 gwamnati ta warware cinikin, ta biya Hanzevast Yuro miliyan 2.8, gidajen suka dawo hannun birni.

Ƙungiyar gama kai da gyaran gidajen

Dawowar gidajen hannun gwamnati ba ta ba masu fasahar wani tabbaci ba, domin gwamnatin da ta sayar sau ɗaya tana iya sake sayarwa. Saboda haka a 2010 suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Gängeviertel Genossenschaft 2010. Kowane hannun jari Yuro 500 ne, kuma an buɗe shi ga duk mai so, ko yana zaune a wurin ko ba ya zaune. Ba a raba riba a kansa. Kamar yadda tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi yake, ƙuri'ar memba ba ta ƙaruwa da yawan jarinsa. Ta wannan hanya goyon bayan baki ya koma kuɗi da doka ta san da su, ƙungiyar kuma ta sami tsayuwar da za ta zauna teburi ɗaya da hukuma.

A 2011 aka sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da gwamnatin birni, aka ɗora aikin gyara a kan kamfanin raya birane na steg, aka ƙiyasta kuɗinsa a kan Yuro miliyan 20. A 2012 hukumar UNESCO reshen Jamus ta karrama wurin a matsayin dandalin al'adu mabambanta. Duk da haka zaman bai rasa tsamin dangantaka ba. Mazauna sun koka cewa ana yanke shawara kan gyaran ba tare da su ba, kuma ba a fayyace wanda zai riƙe gidajen bayan an gama ba. A farkon 2015 aka dakatar da tsara sauran aikin, bayan an kusa kammala gidaje uku na farko. Tattaunawa ta ɗauki shekara huɗu. A 2019, shekara goma da shigarsu, birnin ya ba ƙungiyar hayar wurin ta shekara 75. Ƙasar tana nan a matsayin mallakar birni, gudanarwa kuma tana hannun ƙungiyar, tare da sharaɗin a ci gaba da amfani da wurin don al'adu da gidajen haya masu sauƙi.

Abin da ke cikinta da yadda ake gudanar da ita

Zuciyar unguwar ita ce Fabrique, wata tsohuwar masana'anta mai hawa da yawa da aka sake buɗewa a 2016 bayan gyara. A cikinta akwai zauren kiɗa da taro, da ɗakin buga zane, da ɗakin ɗaukar hoto, da ɗakin koyon rawa da motsa jiki, da kuma gidan rediyon al'umma na FSK. Sauran gidajen sun ƙunshi ɗakunan baje kolin zane, da wuraren sana'ar hannu, da wuraren shan shayi, da ɗakunan kwana da ake bayarwa a farashin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. A yawancin shirye-shirye baƙo ne yake yanke abin da zai biya gwargwadon halinsa. Manyan shawarwari ana yanke su ne a babban taron mazauna da masu aiki, kuma mafi yawan hidimar yau da kullum ta sa kai ce. Kowane watan Agusta ana bikin zagayowar ranar shiga, wanda ke tara jama'a daga ko'ina cikin birnin.

Muhawarar da ba ta ƙare ba

Masu suka sun kasu gida biyu. Wasu suna ganin an saka wa karya doka da alheri, an kuma kashe dukiyar jama'a a kan wasu 'yan ɗaruruwa. Masu kare wurin suna amsawa da kwatanta kuɗin gyaransa da na katafaren zauren kiɗa na Elbphilharmonie, wanda aka buɗe a 2017 bayan ya ci wa birnin Yuro miliyan 789. Ɓangare na biyu kuwa daga cikin 'yan gwagwarmaya yake. A ganinsu hukuma ta sassauta ne saboda masu fasaha suna da amfani ga tallar birni, ga shi kuwa yanzu Gängeviertel tana cikin wuraren da ake nuna wa masu yawon buɗe ido, alhali talakawan da ba su da wannan farin jini ana ci gaba da tura su bayan gari.

Akwai kuma matsaloli na cikin gida. Kuɗin gwamnati yana zuwa da ƙa'idojin gini da na kashe gobara da na lissafi, waɗanda suke cin lokacin mutanen da suka zo don yin zane ko kiɗa. Aikin sa kai yana gajiyarwa, gidan da aka gyara kuma dole hayarsa ta fi ta kango. Gyaran sauran gidajen ana yin sa ne ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyar kuma tana ci gaba da sayar da hannun jari ga mazauna birnin domin cika nata kason na kuɗin. Yarjejeniyar hayar za ta ƙare ne a 2094.